Inda Aku Take Ninke Takarda

Zuwa ga taubashiyata Aku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya lau. Inna, wato Gwaggonki, tana zaune a gefena tana ɗinke bakin labule. Ta ce in gaishe ki, in kuma tambaye ki ko bakin nan naki ya fara hutawa ko da a barci ne. Na ce mata ai yanzu biyanki ake yi ki yi surutu a gaban alƙali, Allah ya yi wa aku gyaɗar dogo.

To, ba tsokana ce ta sa na ɗauki biro ba. Kin san na bar kamfanin fentin nan da na kusa tsufa a cikinsa, na koma wani ƙarami a bayan tashar jirgin ƙasa. Ban gama sanin inda ake ajiye tsintsiya ba sai ga sammaci. Wai tsohon kamfanina ya kai mu ƙara, ni da sabon wurin, cewa na sace musu sirrin haɗa fentin da ke hana ƙarfe tsatsa. Aku, wallahi ko ƙusa ban fita da ita ba. Ranar da zan tafi har aljihun wandona mai gadi ya lalube. Abin da na sani a kaina yake da hancina. In haɗi ya nuna a tukunya, warinsa nake ji tun daga bakin ƙofa. To yaya suke so in yi? In cire hancin in ajiye musu a wurin mai gadi?

Sabon maigidana ya fara kallona kamar wanda ya shigo masa da kura gida. Sai Inna ta ce, "Kai, ba ga Aku ba? Ai an ce irin wannan shari'ar ce aikinta." Ɗan'uwa rabin jiki. Ki faɗa mini ta inda zan fara, ko ki zo da kanki ki buɗe musu bakin nan da ya hana mu sakat muna yara.

Naki, wanda ba bawan kowa ba,
Filaya

*

Filaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Ka gaishe mini da Gwaggo, ka ce mata bakin ya huta. Ya huta sosai.

Na karanta har ƙarshe, kuma da ma ban yi ba. Kamfanin da ya kai ka ƙara, ofishinmu ne ke tsaya masa. Shari'ar ba a hannuna take ba, tana wurin mutanen hawa na sama, amma rufinmu ɗaya, a buta ɗaya muke dafa shayi. Washegari na shiga wurin Oga na ce masa wanda ake ƙara ɗan gwaggona ne. Haka ƙa'ida ta ce in yi. Takardarka ban nuna masa ba, shi ma bai tambaya ba. Ko kai bai ɗaga sosai ba, ya ce, "To, za a gina miki katanga."

Ba ta bulo ba ce. Katin da nake buɗe ƙofofi da shi ya daina buɗe ƙofar hawa na sama. In na shiga lif, na'urar hawa bene, na tarar da su, sai su yi tsit, kowa ya zuba wa lambobin ido. Na sa hannu cewa ba zan ji komai game da shari'arka daga bakinsu ba, ba kuma zan ji daga bakinka ba. In na karya, ni za a kora daga aikin lauya, kai kuma a ce ka saka ɗan leƙen asiri a gidan abokin shari'arka.

Ka ce in zo in buɗe baki. Bari ka ji yadda aikin ya koma. Da na fara, shari'ar ƙirƙira nake yi. Mutum ya ƙera sabon kan famfo, a rubuta yadda ya yi shi dalla-dalla kowa ya gani, hukuma ta ba shi takardar mallaka, wanda ya kwaikwaya mu ja shi kotu. A can akwai magana, kuma ina son sa. Sai Oga ya lura fuskata ba ta nuna komai in ana yi mini tambaya, ya mai da ni ɓangaren sirrin sana'a. A nan abin da ake faɗa a kansa ba a faɗar sa. Akwai ɗaki marar taga a ƙarshen baranda. Wayata nake kullewa a akwati kafin in shiga. Takardun duk da jan layi a gefe. Abin da na rubuta a ciki, inji ke yayyanka shi kafin in fito. Can nake wuni. Da farko abin yana cina, yanzu ba na jin komai.

Ga roƙona. Kada ka kira ni a waya, kunne ba shi da marfi. Ka rubuto, ina son ganin rubutunka, ko da yake har yau kamar kaza ta bi ta kan takarda. Amma duk inda na ga ka shiga maganar shari'a, daidai nan zan ninke takardar in sa a aljihun tebur, sai ranar da aka rushe katangar. Ba fushi ba ne. Ka nemi lauyan da ya san irin wannan aiki, ban da mai shari'ar filaye. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan.

Uwargijiyarka,
Aku

*

Aku,

Salamu alaikum. Inna ta ce in rubuta muna lafiya lau, ga shi na rubuta. Ta ce ba a buɗe takarda da kuka. Na karanta mata taki tun daga sama har ƙasa. Sai ta ce, "Ɗaki babu taga?"

Ke ce za ki ninke takarda? Haba! Ke da kike ɗaga wasiƙun mutane a rana ki karanto ta bayan ambulan? Ki faɗa wa wanda bai san ki ba. Na san za ki karanta, ki dai yi kamar ba ki gani ba in haka ya fi miki.

Yanzu ki ji abin da mutanenki na hawa na sama suka yi. Sun sa alƙali ya hana ni kusantar tukunyar haɗi har a gama shari'a. Kullum sai in yi wanka, in sa kaya, in je in zauna a benci kusa da sito ina kallon yara suna ɓata haɗi. Ina jin warin yana wucewa, ba halin in ce a rage wuta. Rannan na toshe hancina da hannu don kada in yi magana. Sun zo gida sun ɗauki kwamfutata da tsohuwar wayata, har da littafin da Inna ke rubuta lambobin dangi. Lauyan da na samu yaro ne mai kirki, amma in ya ga motocin mutanenki sai ya hau gyara wuyan riga.

Inna ta shiga ɗaki, bari in faɗa miki gaskiya. Ba ta da lafiya. Ta faɗi a banɗaki, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta. Mun je asibiti, likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ta hana ni gaya wa kowa, kin san ta. Amma sau biyu ina jin ta tana cewa da Aku na nan da gidan bai yi shiru haka ba. Ki bar shari'ata, na yafe. Ki zo ki gan ta.

Filaya

*

Filaya,

Ka yi haƙuri da jinkiri. Takardarka ta zo ina tsakiyar wata shari'a, sai yanzu na samu kaina. Na ji daɗi da kuke lafiya lau, Allah ya ƙara. Ka ce wa Gwaggo kada ta damu da taga, akwai fanka, akwai fitila.

Mun ci shari'ar. Ba zan iya gaya maka ta mece ce ba. Ranar da na yi jawabi, alƙali ya sa aka fitar da kowa daga kotun, har da wanda nake karewa, domin akwai abin da shi ma bai halatta ya ji ba. Na yi magana tun safe har rana ta take a gaban kujeru babu kowa. An ce ban taɓa yin mai kyau irin sa ba. Oga ya miƙo mini hannu, ya ce in huta. Na koma gida, na ci burodi a tsaye, na wanke kofi ɗaya. Maƙwabciyata ta tare ni a matakala ta ce, "Lauya, yau an ci ko an sha kaye?" Na ce mata aiki da godiya.

Ka tuna abin da tsohon mijina ya ce ranar da ya haɗa kayansa? Wai zama da ni kamar zama da akwatin ƙarfe ne, ana jin akwai abu a ciki, babu mabuɗi. A lokacin na ji zafi. Yanzu in na tuna sai in ga ai bai yi ƙarya ba. Ko farashin tumatir aka tambaye ni, sai na tsaya na auna ko ya halatta in faɗa.

Wata rana na ga wani dogo a bakin ofishinmu yana gyara fitilar titi, da filaya a aljihun baya, kamar kai lokacin da ka kwance rediyon Gwaggo ka kasa mayarwa. Na tsaya ina kallon sa har ya sauko.

Ga mayafi mai kauri nan na haɗo wa Gwaggo, na san ba ta son sanyi. Ka ce mata in aiki ya yi sauƙi zan leƙo. An riga an ajiye mini wata shari'ar a tebur, amma dai zan duba.

Aku

*

Aku,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Mayafi ya iso, an gode.

Mutanenki sun zaunar da ni wuni guda a wani ɗaki mai sanyi, suna yi mini tambaya ɗaya ta fuska goma. Yaushe na fara sanin warin? A lokacin aiki na sani ko bayan an tashi? Ɗaya daga cikinsu, mai farin gilashi, har shayi ya zuba mini. Na yi ta kallon ƙofa ko za ki wuce. Maigidana ya ce in abin ya ƙara tsawo sai dai in yi haƙuri in nemi wani wurin.

"In aiki ya yi sauƙi zan leƙo." Na karanta layin nan har na haddace. Na ce miki zuciyarta ta gaji, kin aiko mayafi. To, madalla. Likita ya ce mu koma da ita gida, babu sauran abin da za su yi. Tana lulluɓe da mayafinki ko ana zafi. Ta sa na juya mata gado ya fuskanci ƙofa, duk wanda ya taɓa ƙofar sai ta ɗaga kai. Ni dai na roƙe ki sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Filaya

*

Aku,

Inna ta rasu. Na sa a sama wannan karon.

Da safe ne, bayan na ba ta ruwa. Ba ta sha wuya ba a ƙarshe. An yi mata sutura, mutane sun zo sun tafi. Waɗanda suka tambaye ni ke, na ce kina wurin aiki.

Shari'a ma ta ƙare. An yi sulhu. Na sa hannu cewa ba zan faɗi abin da aka shirya ba, don haka ba sai kin ninke wannan ba, babu komai a ciki.

Filaya

*

Filaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta, ya ba ka haƙuri.

Takardarka ta zo rana ɗaya da saƙon Oga cewa an rushe katanga. Saƙonsa na fara gani. Na gwada katina a ƙofar hawa na sama, ta buɗe. Mai farin gilashi ya tare ni a baranda ya ce, "Ɗan'uwan nan naki mutumin kirki ne." Na ce na gode. Sannan na dawo tebur na buɗe taka.

Daga nan na jawo aljihun tebur. Takardunka biyu suna nan yadda na ajiye su. Ta farko na ninke ta a kan "mutanenki na hawa na sama". Ta biyu ban wuce layin mayafi ba, da na ga "mutanenki" na ninke. Har da farce na bi kan ninkin don ya kwanta. Ban taɓa ɗaga su a rana ba, Filaya. Ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. Yarinyar da ka sani tana yin haka, ban san ranar da ta tafi ba.

Na karanta ƙasansu a tsaye. Ta faɗi a banɗaki. Ka juya mata gado. Ni kuma ina nan ina ba ka labarin burodi da mai gyaran fitila, ina ce muku Allah ya ƙara lafiya.

Ka san abin da na yi bayan nan? Akwai taro da wasu masu kamfanin magani, na mai da takardun aljihu, na shiga taron. Na yi musu bayani mai kyau, sun yi ta gyaɗa kai. Ina ta jiran kuka ya zo. Na jira a lif, na jira a mota, na jira a gaban kofin nan guda ɗaya. Bai zo ba. Matar da ta yi mini kitso duk hutun makaranta bayan rasuwar mahaifiyata, ta bar mini gefen gadonta, ta saurari surutuna har barci ya ɗauke ta, ita ce ta rasu, ni kuma kamar an ba ni labarin wata a jarida. Wannan shi ke ba ni tsoro, in ma tsoron ne.

Ba na neman ka yafe mini, ban san me zan yi da yafiyar ba. Abu ɗaya nake tambaya. Ta ce wani abu a kaina? Ko zagi ne ka rubuto.

Aku

*

Aku,

Salamu alaikum. Ina lafiya, wannan karon da gaske, in ban da gidan da ya yi mini girma.

Na koma bakin tukunya. An bar mini hancina, amma akwai abin da aka ce in manta, na kuma sa hannu na manta. Yaran wurin aiki suna tambayata yaya aka ƙare, sai in ce musu aiki da godiya. Ranar da na ji kalmar nan ta fito daga bakina, sai na zauna a kan bokiti. Ashe haka yake. Ni na ɗan lokaci ne har na ji kamar na haɗiye dutse, ke kuma shekara da shekaru.

Kin faɗa mini za ki ninke, ni ne ban yarda ba. Da takardarki ta mayafi ta zo, na karanta wa Inna ina huci, na ce ga 'yarki nan, aiki ya fi ki. Ta ce, "Ba ta gani ba. Da ta gani da ta zo ko da rarrafe ne." Na ce ta gani sarai. Daga baya, da jiki ya yi nauyi, ita da kanta ta ce in sake rubutawa, in sa a sama. Na ɗauko takarda, zuciya ta hana ni, na ce gobe. To kin ji, ni ma da nawa ninkin.

Labulen da take ɗinki yana nan da allura a jiki. Gadon ban juya shi ba. Mayafinki na wanke na ajiye, ban san ko naki ne yanzu ko nawa ba.

Kin tambaya ko ta ce wani abu. Na sa shi nan ƙasa da gangan, ki yi haƙuri, taubashi ba ya tuba. Ba ta zage ki ba. Takardunki ta sa na yi ta maimaita mata, musamman wurin kujerun da babu kowa. Sai ta ce, "In ta zo ba ta same ni ba, ka zaunar da ita ka bar ta ta yi surutu. Kada ka katse ta, kada ka tsokane ta. Yarinyar nan ta daɗe ba ta yi magana ba."

Filaya

*

Filaya,

Na karanta har ƙasa.

Na gaya wa Oga zan yi tafiya. Ya tambaye ni dalili, na buɗe baki in ce wani uzuri ne, sai na ji na ce, "Gwaggona ce ta rasu, ita ta rene ni." Ya ɗaga kai ya dube ni.

Ina zuwa a jirgin safe. Kada ka juya gadon. Ban san ko akwai sauran magana a bakina ba, wataƙila mu wuni shiru. Ka dai zauna.

Aku